Yadda Za a Rage Ƙiba da Tumbi Ba Tare da Cutar da Jiki Ba

A garuruwanmu, idan mutum ya samu aiki mai tsoka ko kasuwa ta buɗe masa, jikinsa ne abu na farko da jama'a suke dubawa. Da zarar wuya ya cika, tumbi ya fara tura riga gaba, sai ka ji ana cewa hutu ya karɓe shi, Allah ya yi masa buɗi. Haka ma amarya: idan ta yi wata shida a ɗakinta ba ta yi jiki ba, dangi sukan fara tambayar ko mijin yana kula da ita. Wannan fahimta tana da tushe, domin al'ummar da ta ga farin 1973 da na 1984, wadda har yau take fama da tamowa a tsakanin ƙananan yara, kuma ta san yadda tarin fuka da ƙanjamau suke ramar da mutum, dole ta ji tsoron rama ta kuma yi murna da ƙiba. Sai dai rayuwa ta canja. Mutumin da kakansa yake taka sayyada zuwa gona ya wuni yana noma, shi yanzu babur ko A Daidaita Sahu ke ɗaukarsa daga ƙofar gida zuwa ƙofar shago, ya wuni a zaune, kuma abincin da yake ci ya fi na kakan nasa mai da sukari nesa ba kusa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da ƙiba mai cutarwa, cewa manya kimanin miliyan 890 ne ke cikin wannan hali, kuma adadin a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Matsalar ta daɗe da barin ƙasashen Turai da Amurka su kaɗai, ta shigo biranen Afirka, har ana iya samun gida ɗaya da uwa take fama da ƙiba alhali ɗanta yana fama da tsumburewa. Abin da zan yi bayani a nan shi ne yadda mutum zai gane matsayinsa, da yadda zai rage nauyi a hankali da irin abincin da ke cikin kasuwarmu.

Fara da awo kafin komai

Madubi da bakin mutane ba su isa su gaya maka gaskiyar jikinka ba, musamman da yake babbar riga da hijabi suna rufe abubuwa da yawa. Likitoci suna amfani da wani lissafi da ake kira BMI, wanda ake samu ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita bayan an ninka tsawon da kansa. Misali, magidanci mai nauyin kilo 90 da tsawon mita 1.70 zai ninka 1.70 sau 1.70 ya samu 2.89, sannan ya raba 90 da 2.89, abin da zai ba shi kimanin 31. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne matsakaicin nauyi, daga 25 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 kuwa an shiga ƙiba mai cutarwa. Wannan magidanci, wanda wataƙila abokansa suna yaba cikar jikinsa, ya riga ya tsallaka iyaka.

Duk da haka, a ganina awon ƙugu ya fi wannan lissafi amfani ga mutanenmu, domin ya fi sauƙi, kuma yana nuna inda kitsen ya taru, wanda shi ne ainihin abin damuwa. Ka ari tef ɗin awo na tela, ka tsaya a miƙe da safe kafin ka ci komai, ka laluba ƙarshen haƙarƙarinka na ƙasa da saman ƙashin ƙugunka, ka zagaya tef ɗin a tsakiyarsu, wato daidai cibiya ko sama da ita kaɗan. Kada ka janye ciki, kada kuma ka matse tef ɗin har ya nutse a fata. Ka saki numfashi kamar yadda ka saba, sannan ka karanta. Ga namiji, haɗari yana farawa daga santimita 94, wato inci 37, kuma yana tsananta daga santimita 102, wato inci 40. Ga mace, yana farawa daga santimita 80, ya tsananta daga santimita 88, wato kusan inci 35. Kuskuren da maza da yawa suke yi shi ne ɗaukar awon wandonsu a matsayin awon ƙugu, alhali wandon a ƙarƙashin tumbi yake zama. Wanda ba shi da tef yana iya samun igiya, ya yanke ta daidai tsawonsa daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar kai, ya ninke ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita. Idan bakunan igiyar ba su haɗu ba, to ƙugunsa ya wuce rabin tsawonsa, kuma lokacin ɗaukar mataki ya yi.

Abin da kitsen ciki yake aikatawa

Kitsen da ke cinya da ɗuwawu bai kai na ciki illa ba. Wanda ke cikin tumbi yana kewaye hanji da hanta, kuma ba a kwance yake kawai ba, yana zuba maiƙo da wasu sinadarai masu tayar da kumburi a cikin jinin da ke tafiya kai tsaye zuwa hanta. Sakamakon haka, jiki yana daina jin maganar insulin, sinadarin da aikinsa shi ne shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Gaɓar da ke samar da insulin sai ta yi ta ƙara ƙoƙari shekara da shekaru har ta gaji, sukari ya taru a jini, a wayi gari an ce mutum yana da ciwon suga. Wannan ciwo kuwa shi ne kan gaba wajen lalata ƙoda, da raunana gani, da gyambon ƙafa da ba ya warkewa wanda kan kai ga yanke ta. Ta wata fuskar kuma, jiki mai nauyi yana buƙatar jini mai yawa, zuciya tana aiki fiye da ƙa'ida, ƙoda tana riƙe gishiri, sai hawan jini ya shigo. Sau da yawa ba a sanin yana nan sai ranar da mutum ya yanke jiki ya faɗi, aka ɗauke shi da shanyewar ɓarin jiki, iyali suka shiga neman wanda za su zarga da jifa ko sammu.

Gwiwa ma tana ɗaukar nata kason, domin kowane kilo ɗaya na ƙarin nauyi yana zama kamar kilo huɗu a kanta duk lokacin da aka taka ƙasa. Shi ya sa za ka ga mutum bai wuce shekara 50 ba amma ruku'u da sujada sun gagare shi, ya koma sallah a kan kujera, ko kuma ya je aikin Hajji ya kasa yin safa da marwa da ƙafarsa, tafiyar da ta ɗan haura kilomita uku. Akwai kuma munshari mai ƙarfi wanda numfashi yake ɗaukewa a cikinsa na wasu daƙiƙoƙi sannan mutum ya zabura. Matan aure sun fi kowa sanin wannan, kuma bai kamata su yi shiru a kai ba, domin yana hana barci mai daɗi, yana tayar da hawan jini, yana sa gyangyaɗi da rana, abin da yake da haɗari ƙwarai ga direba. Ga mata, ƙiba tana iya rikita al'ada ta jinkirta samun ciki, idan cikin ya samu kuma tana ƙara yiwuwar ciwon suga da hawan jini na masu juna biyu da haihuwa ta hanyar tiyata. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta ƙiba da nau'o'in sankara 13, ciki har da ta babban hanji, da ta mahaifa, da ta mama bayan daina al'ada.

Illar ba a jiki kaɗai ta tsaya ba. Al'ummar da take yabon cikar jiki ita ce kuma take juyawa ta yi wa mutum dariya idan ƙibar ta yi yawa. Yaro mai jiki yana shan tsokana a makaranta, ana kiransa lukuti, har ya daina shiga wasa, rashin wasan kuma ya ƙara masa nauyi. Mace mai jiki tana tsayawa a bakin titi masu abin hawa suna wuce ta, ko a ce sai ta biya kuɗin mutum biyu a gaban jama'a. Wasu sukan daina zuwa biki da suna, wasu ma sukan guji asibiti don gudun a yi musu faɗa. Sannan ga kuɗin magani: wanda ya kamu da ciwon suga da hawan jini zai riƙa sayen magani kowane wata har iyakar rayuwarsa, daga aljihunsa, a daidai shekarun da 'ya'yansa suka fi buƙatar kuɗin makaranta. Ina roƙon duk wanda yake zaune da mai ƙiba ya sani cewa gori da wulaƙanci ba su taɓa rage wa kowa nauyi ba. Abin da suke haifarwa shi ne baƙin ciki da cin abinci a ɓoye. Gado, da wasu cututtuka, da wasu magunguna, da yanayin aiki, duk suna da hannu a cikin ƙiba, ba kwaɗayi kaɗai ba.

Kafin a taɓa abinci, a leƙa asibiti

Mataki na biyu bayan awo shi ne a je a duba hawan jini da sukarin jini, gwaje-gwajen da ake yi a yawancin ƙananan asibitoci. Jinin da ya tsaya a kan 140 bisa 90 ko sama da haka a awo fiye da ɗaya hawan jini ne, sukarin da ya kai 126 a ma'aunin mg/dL kafin karyawa kuma alamar ciwon suga ce da ke buƙatar a sake tabbatarwa. Wannan ziyara tana da wani amfanin, domin ba kowane ƙarin nauyi ne kitse ba. Idan ƙafafu sun kumbura, ka danna yatsa a ƙauri wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba, wannan ruwa ne, kuma yana iya fitowa daga matsalar zuciya ko ƙoda ko hanta. Wanda yake shan maganin ciwon suga kada ya rage abinci da yawa sai da shawarar likitansa, domin sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa ya suma. Mai juna biyu kuwa ba lokacin rage nauyi take ciki ba, abin da ya dace da ita shi ne gyara ingancin abinci da zuwa awon ciki.

A nan ya zama dole in tsaya a kan magungunan sa ƙiba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, da 'yan mata da zawarawa suke sha musamman idan biki ya matso. Yawancinsu sun ƙunshi ɗaya daga cikin magunguna biyu. Na farko maganin ƙaiƙayi da mura ne da aka fi sani da sunan Periactin, wanda yake buɗe ciki yana sa barci. Na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne deksametason da danginsa, magunguna masu ƙarfi da aka yi don asma mai tsanani da wasu cututtukan kumburi. Abin da yake yi shi ne ya tara ruwa da kitse a fuska da wuya da ciki, alhali hannuwa da ƙafafu suna sirancewa, fata ta yi laushi ta tsattsage, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi, sukari da jini su hau. Cikar fuskar da ake yabawa alamar cuta ce. Wadda ta daɗe tana shansa kada ta daina rana ɗaya, domin jikinta ya riga ya rage samar da nasa sinadarin, kuma yankewa farat ɗaya tana iya jefa ta cikin mawuyacin hali har da rasa rai. Ta je wurin likita ta faɗi gaskiya, a rage mata shi sannu a hankali. Haka nan shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da TikTok, da yawa daga cikinsu ganyen filasko ne ko makamancinsa, wanda gudawa kawai yake sawa. Ruwa ne yake fita, kitse yana nan inda yake, kuma ƙoda ce take shan wahala.

Abin da za a sa a gaba

Kada ka ɗora wa kanka burin komawa jikinka na samartaka cikin wata biyu. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ya isa ya saukar da jini da sukari a fili, wato ga mai kilo 90, kilo huɗu da rabi zuwa tara. A wani babban bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2002, mutanen da suke gab da kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka ɗora a kan rage kimanin kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da abin da magani ya yi wa takwarorinsu. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saurin da ya dace, kuma ko an samu ƙasa da haka ba a yi asara ba.

A fara da abin sha, domin nan ne riba ta fi yawa da sauƙi. Lemon kwalba na yau da kullum yana ɗauke da sukari kimanin giram 10 a kowane mililita 100, ke nan robar santilita 50 tana iya kaiwa giram 50, kusan ƙaramin cokali 12, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya sha a yini guda, har ma ta ce rabin haka ya fi. Wannan ne ya sa gwamnatin Nijeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021. Amma kada a ɗauka lemon kamfani ne kaɗai matsalar. Ka tsaya wurin mai shayi da safe ka lura da yadda ake haɗa kofi guda: sukari cokali uku ko huɗu, madarar gwangwani, garin koko mai zaƙi, sannan ga rabin burodi da aka shafe da bota da ƙwai biyu da aka soya cikin mai. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da fura da nono na sayarwa su ma an cika su da sukari. Sukarin da aka sha a ruwa ba ya ƙosar da mutum, don haka yana hawa ne a kan abincin da za a ci. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a rage rabin sukarin a makon farko, a sake rage rabi bayan mako biyu, domin harshe yana sabawa. Zoɓon gida da aka ƙamsasa da citta da kanumfari da ɓawon abarba yana da daɗi ko da sukari kaɗan, kuma ruwa shi ne abin shan da ya kamata ya raka abinci. Zuma ma sukari ce a wajen jiki, kada a musanya ɗaya da ɗaya a ce an yi gyara.

Sai mai. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki), alhali giram ɗaya na sitacin da ke cikin hatsi ko sinadarin gina jiki da ke cikin nama yana ba da kusan 4, kuma babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu yana da kalori kimanin 120, abin da mutum zai yi tafiyar kusan rabin sa'a kafin ya ƙone. Uwargida ta daina tuttula mai daga galan kai tsaye cikin tukunya. Ta samu cokali ta riƙa aunawa, ta ga adadin da take zubawa yanzu, sannan ta rage kashi ɗaya cikin uku. Miyar da mai yake yawo a samanta ana iya kwashe shi kafin a zuba. Waken da ake yin ƙosai da shi, idan aka yi alala ya fi sauƙi ga jiki. Kifi da kaza a gasa ko a yi farfesu maimakon suya. Dankali da doya a dafa. Mai son tsire da balangu ya ce a zaɓa masa tsoka, ya bar kitsen. Fanke da cincin da soyayyen dankalin bakin hanya su koma abin marmari na lokaci-lokaci.

Game da tuwo, ba na cikin masu cewa a daina shi. Tuwon dawa da na gero da na acha, musamman idan ba a surfe hatsin ya yi fari fat ba, sun fi farar shinkafa da taliya da indomi da burodi riƙe ciki, domin dusar da ke jikinsu tana jinkirta shigar sukari cikin jini. Matsalar tana wurin yawa. A raba faranti gida huɗu: biyu na ganye da kayan lambu, ɗaya na tuwo ko shinkafa, ɗaya na wake ko kifi ko ƙwai ko nama. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mai ci ta wadatar da wanda ba aikin ƙarfi yake yi ba, a kuma yawaita miya ta kuka ko kuɓewa ko taushe ko ayoyo. Ƙasarmu tana da arzikin ganye mai araha: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, lansir, kabeji, ga kuma yalo da gauta da kabewa. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli daidai misali abinci ne cikakke da ya fi abubuwa da yawa masu tsada. Shinkafa da wake, idan wake ya kai rabi kuma aka rage mai, ta fi shinkafa zalla. Shawarar masana ita ce giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a yini, kuma a ci lemu da gwaiba da gwanda da kankana yadda suke maimakon a matse ruwansu. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, tare da tuna cewa dunƙulen ɗanɗano rabinsa ko fiye gishiri ne; daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna iya cike gurbin da ya bari.

Inda ake cin abinci a tire ɗaya, mutum ba ya sanin abin da ya ci, kuma yakan bi saurin abokan cinsa. Ba sai an bar cin abinci tare ba, amma mai son rage nauyi ya ɗebi nasa a ƙaramin kwano ya zauna cikin jama'a, ya ci a hankali, domin saƙon ƙoshi yana ɗaukar kusan minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Musulmi yana da ma'auni tun daga hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nuni da a raba ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Watan azumi dama ce babba, amma mutane da yawa suna fita daga cikinsa da ƙarin nauyi saboda buɗa-bakin da aka cika da soye-soye da kayan zaƙi. A sha ruwa da dabino ɗaya zuwa uku, a yi sallar Magariba, sannan a ci abinci guda na hankali, a yi sahur da abin da ke riƙe ciki kamar wake ko kunun gero marar sukari da ƙwai.

Motsa jiki da barci

Abin da ake nema ga babba shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato minti 30 a kwana biyar ko fiye, da irin saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Saboda zafin ƙasarmu, bayan sallar Asuba ko bayan La'asar sakaliya ne lokacin da ya fi dacewa. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙara minti biyar kowane mako. Ana iya zaɓar masallacin da ya ɗan fi nisa, ko a sauka daga abin hawa kafin a kai wurin aiki, ko ɗan kasuwa ya riƙa miƙewa kowace sa'a maimakon aiken yaro a kan komai. Matar da ba ta cika fita ba tana iya zagaya tsakar gida da sauri, ko hawa da sauka a kan dakali, ko zama da tashi daga kujera sau goma-goma, kuma ya kamata maigida ya ba ta goyon baya, ya ma raka ta tafiyar yamma idan hali ya yi. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abincin dare tana taimakawa wajen saukar da sukari. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko haki da ya wuce kima, ya tsaya ya nemi likita. A sani kuma cewa motsa jiki shi kaɗai ba ya rage nauyi sosai idan ba a gyara abinci ba, amma yana rage kitsen ciki, kuma shi ne yake hana nauyin dawowa.

Barci ma yana da hannu. Wanda ba ya samun sa'a bakwai, saboda hira ko kallon waya har tsakar dare, yakan tashi da yawan jin yunwa da sha'awar zaƙi, kuma daren da aka raba ana farke yakan zo da cin indomi da ƙwai a lokacin da jiki ba ya buƙatar komai.

Yadda za a yi da mutane

Da zarar nauyi ya fara sauka, tambayoyi za su fara: "Lafiya kuwa? Duk ka zube." Uwa za ta damu, surukai za su yi zargin ko 'yarsu tana cikin matsala. Mafita ita ce a riga su magana. Maigida ya zaunar da iyalinsa tun farko ya ce musu, "An auna ni an ce jinina ya fara hawa, likita ya ce in rage jiki, ina neman taimakonku." Matar aure ta sanar da mijinta da mahaifiyarta kafin a fara ganin canji, don kada a ɗora wa mijin laifin da ba nasa ba. Idan an je gidan biki ko suna, ba sai an ƙi abincin mutane ba. A karɓa da godiya, a ci kaɗan, a nemi ruwa a maimakon lemo. Mai jego tana buƙatar abinci mai gina jiki domin shayarwa, amma ba dole ne a yi mata ɗure da kunu mai sukari da soyayyen nama har kwana arba'in ba, domin nauyin da ake tarawa a haihuwa bayan haihuwa shi ne asalin ƙibar mata da yawa.

Gyaran da ya fi ɗorewa shi ne wanda aka yi wa tukunyar gida gaba ɗaya, domin dafa wa mutum ɗaya abinci na daban yana da tsada da gajiyarwa, kuma yana sa shi jin kamar marar lafiya. Yara ba a sa su tsarin rage abinci irin na manya. Abin da ake yi shi ne a daina sayen lemo da biskit da alawa a matsayin lada ko rarrashi, a bar su su yi wasan guje-guje na aƙalla sa'a ɗaya a yini, mata da maza, a kuma taƙaita zamansu a gaban talabijin da waya.

A riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, a rana ɗaya da lokaci ɗaya, a auna ƙugu sau ɗaya a wata, a rubuta a littafi. Bayan wata uku zuwa shida nauyi yakan tsaya cik na wani lokaci, domin jikin da ya ragu yana ƙona abinci kaɗan. Wannan ba gazawa ba ce, lokaci ne na sake duba mai da sukarin da suka lallaɓo suka dawo, da ƙara 'yan mintuna a tafiya. Idan an yi wata shida ana ƙoƙari babu canji, ko kuma BMI ya kai 35 tare da ciwon suga ko hawan jini, a koma wurin likita, domin akwai magunguna na gaskiya kamar allurar semagulutaid, akwai kuma tiyatar rage girman jakar da abinci ke sauka a cikin ciki ga waɗanda suka cancanta. Waɗannan suna da tsada da sharuɗɗa, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun wannan allura da aka gano a wasu ƙasashe, don haka ba abin saye a intanet ba ne. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya canja komai a cinsa ba, musamman idan akwai yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari da ya wuce mako biyu, ko zufar dare, ya garzaya asibiti a duba shi ba tare da ɓata lokaci ba.